Bayanin da Auta Ta Bari

Ina shanya a bayan gida wayata ta yi ƙara. Hannuna a jiƙe yake, sai na ɗauka da bakin zane. Muryar namiji ce wadda ban sani ba. Ya ce, "Mama, daga wurin aikin 'yarki ne. Akwai wani babba kusa da ke?" Na ce ya faɗa mini kawai. Wai tana zaune ta ce kanta na sarawa, ta kifa shi a kan tebur. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Auta ce, ita kaɗai ta rage mini a gida. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ta taɓa zaunar da ni ta warware mini aikinta. Kamfaninsu na da wata hidima a intanet, wadda manhajojin wasu kamfanoni ke aika wa tambaya su sami amsa. Akwai kuma wata manhaja da ke rubuta wa kowane abokin ciniki umarnin da zai yi amfani da shi, ba da hannun mutum ba. Sai dai umarnin kawai take kwafa, ta bar bayanin da aka rubuta a gefensa.

Ta ce, "Mama, kamar a ba ki magani ne a yage takardar. Ni aikina in koya mata ta riƙa tafiya da takardar."

Na ce, "To Allah Ya sa ta fi ki jin magana." Ta yi dariya har ta ƙware.

Bayan 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sai ga wanda ya kira ni ran nan ya yi sallama. Dogo suke ce masa a ofis, kuma ya ci sunansa, sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya zauna a bakin kujera da kwamfuta a cinya, ya yi ta goge tabarau.

"Mama, mun yi ɓarna, kuma ke za ki raba mu."

Ya ce aikin Auta ya yi kyau, manhajar ta koyi tafiya da bayani. Amma mai irin wannan aiki, kafin ya rubuta bayanin gaske, yakan cika gurbin da ko wace magana don gwaji, ya ga ko za ta isa can. Daga baya ya goge. Auta ba ta kai ga gogewa ba. Su kuma, don su karrama ta, suka yi sauri suka saki aikin ba su duba kowane lungu ba. Abin da ta cika gurbin da shi ya tafi wurin abokan ciniki a ƙasashe da yawa.

"Me ta rubuta?"

Ya juyo da kwamfutar. Duk shafin harshen aikinsu ne, sai tsilli-tsilli ga namu a tsakani. Ya karanta mini: "A ci abinci kafin a fita." Ya gangara ƙasa. "A ɗauki laima, akwai hadari." Ya sake gangarawa. "Wannan takalmin ba na tafiya ba ne."

Maganganuna ne, waɗanda nake bin ta da su har bakin ƙofa kowace safiya, tana ce mini, "Na ji, Mama, na ji," kunnenta toshe da waya. Ashe tana ji ɗin.

Dogo ya ce, "Wani ya sa an fassara masa, ya rubuto yana tambaya ko dole ne ma'aikatansa su ci abinci kafin su yi amfani da hidimarmu."

"Ka ce masa dole ne."

Muka yi dariya, sai dariyar ta juye mana duka biyun. Da ya natsu ya ce shugabansu ya ba da umarni a goge, amma su abokan zamanta sun ce babu mai sa hannu sai an tambaye ni. In na ce a bari, za su tsaya a kan a bari.

Wallahi na so in ce a bari. Kayanta na raba, ɗakinta an share. Wannan ne wuri ɗaya da hannunta ke yawo a duniya har yanzu, ga kuma muryata a ciki.

Na ce, "In an bari, wa zai cutu?"

Ya ce akwai wanda ya riga ya aika kwanan wata a baibai, aikinsa ya rikice. Inda ya kamata a gaya masa tsarin, zancen laima ya tarar.

"Kai ka san abin da ya kamata a rubuta a wurin?"

"Na sani, Mama."

"To ka rubuta. Ba don mutane su ruɗe ta yi ta wahala ba. Amma ka karanta mini duka tukuna, a hankali, kada ka tsallake ko ɗaya."

Ya karanta har ƙarshe, na sa ya maimaita. Da zai tafi ya ce ba lokaci guda maganganun za su ɓace ba. Wanda ya riga ya karɓa, suna nan a wurinsa sai ranar da ya sabunta nasa. Yau su fita daga hannun wannan, gobe daga hannun wancan.

Ban taɓa tambayarsa ko sun ƙare ba. Da safe, in na ji maƙwabta na buɗe ƙofofi za su fita aiki, sai in tsaya a bakin tawa in faɗi maganganun nan ƙasa-ƙasa, a jeren da ta jera su. Sannan in leƙa sama in ga ko akwai hadari.