Hannun da Ya Rage wa Tanki

Yalo-yalon Mudasiru, keken haya mai ƙafa uku, ya faɗa rami a mahaɗar Gumani, sai wata wuta ta taso daga gwiwar hannunsa na hagu ta zarce har yatsu. Hajiyar da ke baya ta dafa shi don kada ta kife, a daidai wurin kuwa.

"Hajiya, a saki kayan gwamnati!" ya ce yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Wannan hannun ko ni sai na yi sallama nake taɓa shi."

Jininsa irin mai shiga jikin kowa ne, shi ya sa duk Sabonjida ake ce masa Tanki. A asibiti ba a ƙara wa mutum jini sai danginsa sun kawo mai mayarwa. Magidantan unguwa kuwa sun rantse duk namijin da aka ɗebi jininsa ya gama amfani a ɗakin matarsa. Mudasiru tuzuru ne, to me zai rasa? Haihuwa ta zo da gardama, a kira Tanki. Ɗan mashin ya kwashi ƙasa, a kira Tanki.

Bara wata ɗalibar nas ta yi ta laluben jijiyarsa da allura kamar mai neman ɗan kunne a yashi, har ta taɓo abin da ba a taɓawa. Ya kwantsama ihu, ta ce, "Ƙato da kai?" Hujin ya warke, wutar ta ƙi mutuwa. Riga in ta goge shi, sai ka ce barkono. Ya bi rigunansa ya yanke musu hannun hagu, samari suka ce sabon yayi ne. Likita ya juya hannun ya ce bai ga komai ba. Wata tsohuwar nas ce ta bi shi har ƙofa ta ce, "Ɗana, jijiyoyinka sun tsorata. Kada ka sake yarda a soke ka."

Ga shi kuloci da giyar keken duk a hagu suke. Haka yake yini, in ya sauke fasinja ya ɗora ledar ruwan sanyi a wurin, ya ja numfashi, ya koma titi.

* * *

Da azahar Abdulgafaru, mijin yayarsa Safiatu, ya kira shi asibiti. Ta sauka, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. Nas ta ce kowane iri aka kawo za su musanya, a dai yi sauri.

"Maigida, kai fa?" in ji Mudasiru. "Ga ka nan kamar buhun masara. Jinin naka ajiyar wa kake yi?"

"Kai yaro, ka san ni mai iyali ne. In aka zuƙe ni, gidan ya mutu."

"In ta mutu fa, da wa za ka yi ƙarfin?"

Abdulgafaru ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Mudasiru ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake murza mai, da shi yake cin tuwo, da shi kaɗai yake iya gaisawa da mutane ba tare da ya cije baki ba. Sai aka buɗe ƙofar ɗakin, ya hango Safiatu, leɓɓanta fari fat kamar toka. Ita ce ta goye shi lokacin da Mma, mahaifiyarsu, ke kasuwa.

Ya naɗe hannun riga. "Madam, ga sabo fil a leda. Don Allah a lallaɓa shi, ba ni da safaya."

Nas ɗin ta ƙware, sau ɗaya ta soka. Har ya fara hamdala. Kafin ya kai bakin get, sai ya ji kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fatarsa, tana gangarawa zuwa babban yatsa.

* * *

Ranar suna aka yanka rago ƙosasshe. Abdulgafaru ya sha rigar batakari, ana ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, maigida." Mudasiru na zaune a ɗakin mai jego da singileti, ya ware hannuwansa nesa da jiki kamar kazar da ruwa ya doka. Tun shekaranjiya mai keken da yake wa aiki ya aiko aka karɓi makulli.

"Kawu, karɓi ɗanka," in ji Safiatu.

"Ɗora min a cinya, Yaya. Ma'aikatana duka sun tafi yajin aiki."

Matan ɗakin suka fashe da dariya. Safiatu ba ta yi ba. Ta kwantar da jaririn a cinyarsa a hankali.

Yaron ya yi miƙa, ya lalubo yatsan kawunsa, ya damƙe. Gumi ya keto wa Mudasiru a goshi. Bai janye ba. A waje an fara rabon nama.