Hulunan Tahir

Muhsinat 'yar unguwar Abbaganaram ce, amma an fi jin sunanta a Dakar da Berlin fiye da cikin Maiduguri. Sana'arta haɗa bidiyo da sauti da wasa a gaban 'yan kallo. Aikin da ya fi zaga ƙasashe da ita shi ne wanda ta yi a kan yayanta Tahir, mai ɗinkin hula, wanda ya fita kasuwa a shekarun rikici bai sake dawowa ba. A cikin wasan takan zauna a tabarma tana wanke hulunansa ɗaya bayan ɗaya, a bangon bayanta kuma ana haska bidiyon ƙofar gidansu, mutane na wucewa, babu mai shiga.

Mahaifiyarta, Ya Kaltum, ba ta taɓa ganin aikin ba. Abin da ta sani kawai, 'yarta ta roƙi hulunan ta tafi da su. Muhsinat ta daɗe tana tsoron ranar da za ta nuna mata.

Bana ta zo gida sunan ɗan ƙanwarta. Bayan baƙi sun watse, wata safiya ta buɗe kwamfuta a tsakar gida, ta ajiye a gaban tsohuwar, ta kunna mata bidiyon wasan da aka ɗauka a Turai. Ya Kaltum ta kalla har ƙarshe, carbi a hannunta. Sai da ta ga Turawa sun miƙe tsaye shiru, sannan ta tambaya ko addu'a suke yi masa. Muhsinat ta ce yawancinsu ba Musulmi ba ne, shirun nan shi ne girmamawarsu, wasu har hawaye suke yi.

Tsohuwar ta dubi 'yarta.

"Kin nuna musu rashinsa," ta ce, "amma shi ba ki nuna musu ba. Tahir ɗina ba mai shiru ba ne. Ko liman sai ya sa shi dariya."

Maganar ta soki Muhsinat. Ta so ta yi bayani, sai ta tarar ita kanta ta manta yadda muryarsa take in yana zolaya.

"Ya, za ki ba ni labarinsa in ɗauka?"

Ya Kaltum ta ce muryarta dai, ban da fuska. Bayan la'asar suka zauna a inuwar dogon yaro, ta fara da Hausa, ta zarce da Kanuri, tana ba da labarin ranar da Tahir ya sa wa ragon layya hula ya zaga unguwa da shi. Ta yi dariya har ta shaƙe, sannan ta rufe fuska da mayafi. Muhsinat ba ta kashe na'urar ɗaukar muryar ba.

Da ta koma Berlin ta roƙi masu shirya baje kolin da za ta sake nuna aikin a ciki su ɗaga ranar, domin aikin bai kammala ba. Ba su ji daɗi ba, amma suka yarda.