Waƙar Hobart a Tudun Kaburbura

Likitar ba ta yi wa Hobart Sizemore kwana-kwana ba. Ta nuna masa tabo-tabon da ke hoton ƙirjinsa, ta ce baƙin huhu ne, ƙurar kwal ɗin da ya shaƙa a rami tun yana saurayi. Ba ya warkewa, gaba yake ci, sai dai a rage masa gudu. Hobart ya yi godiya, ya ɗora hularsa, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"To waƙa fa?"

"Ka yi iyakar abin da ƙirjin ya yarda," in ji ta.

Amsar ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan. A kwarinsu na gabashin Kentucky, a Amurka, shi ne mai ba da waƙa a coci. Cocinsu babu kiɗa, babu littafi a hannun jama'a. Mutum ɗaya ke jefa baiti da sauri, sauran su amsa, suna jan kowace kalma a hankali. Shi kuwa Hobart jefawa ba ta isarsa. In ya ba da baitin sai ya faɗa cikin amshin, muryarsa ta danne ta kowa, kuma bai taɓa ganin aibin hakan ba.

Ga shi Lahadin gyaran kaburbura ta ƙarato, ranar da dangi ke hawa tudu su share makwancin iyayensu, su sa furanni, a yi waƙa, a baje abinci a gindin itatuwa. Tsoronsa ɗaya ne, kada numfashi ya yanke masa a bainar jama'a a ce Hobart ya ƙare.

A hanyar gida ya ja wa matarsa Glenna kunne kada ta gaya wa kowa.

"Wa zan gaya wa?" ta ce. "Tarin nan naka ai har karen maƙwabta ya haddace shi."

"Musamman ƙanin nan naki."

Virgil ke nan, wanda suka yi aikin rami tare. Shekara da shekaru Hobart na tsokanarsa, don Virgil ɗin da wasu tsofaffin 'yan rami a baya suke tsayawa, su kama amshi su sake shi a tsakiya, baki na motsi ba sauti. Hobart ya raɗa musu suna kifaye, ya ce lalaci ne kawai, sai wajen cin kaza ake jin ƙarfinsu.

Ranar Lahadin Virgil ya zo da tarakta mai jan amalanke yana kwasar tsofaffin mata zuwa sama.

"Hau mana, mijin yaya."

"Ƙafata ƙalau take, kifi. Kwashi tsofaffinka."

Da ƙafa ya hau, yana tsayawa ɗaurin igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Glenna na biye da shi da furanni.

Da aka gama shara aka taru, ya jefa baitin farko, muryar ta fita tas. Ya faɗa cikin amshin yadda ya saba. Bai kai rabi ba ƙirjin ya ɗaure, kamar an zauna masa a kai. Ya buɗe baki, babu komai. Kunya ta rufe shi, ya dafa dutsen kabarin babansa yana jiran a yi tsit.

Ba a yi tsit ba. Waƙar ta ci gaba abinta. Tunda yake bai taɓa jin ta daga waje ba sai ran nan. Ashe mata ne ke ɗauke da ita. Ga muryar Glenna siririya tana ja har ƙarshen kalma, maza na shiga suna fita. Ya waiwaya. Virgil na can baya, kafaɗunsa na hawa suna sauka, baki a buɗe yana neman iska, daidai yadda shi Hobart yake yi yanzu. Ashe ba lalaci ba ne.

Kafin amshin ya ƙare ya tara ɗan numfashi. Ya jefa baiti na biyu, ya yi shiru ya bar musu. A haka aka kai waƙar ƙarshe.

Wajen cin abinci Virgil ya zo ya zauna kusa da shi da farantin kaza.

"Baƙin huhun ne?"

"Shi ne."

"Tun bara na ji shi a tarinka."

"Kai ma ashe. Me ya hana ka gaya mini?"

"A gaya maka ta ina? In ka buɗe baki kunnenka rufewa yake." Virgil ya tura masa cinyar kazar. "Ka dinga jefa mana baitin kawai. Wannan ɗan gajeren ba wanda ya iya shi kamar ka. Dogon amshin kuwa ai ba naka kaɗai ba ne."

Hobart bai taɓa naman ba. Idonsa na kan layin kaburburan da ke bakin shinge, sababbin, waɗanda furanninsu suka fi yawa. Ya san sunan kowa, tare suka shiga rami. Kusan dukkansu ya taɓa kiransu kifaye, kuma dariya kawai suka yi masa.

Da aka tashi waƙar sallama bai koma gaba ba. Ya tsaya a layin baya kafaɗa da kafaɗa da Virgil, daga nan ya jefa baitin.