Jikar Kaka Ta Tsala Ihu

Ranar da suka kwana huɗu a asibiti, Kaka ta zubar da girmanta gaban jama'a, kuma ko a jikinta.

Ai ita ta ja wa kanta. Tun jikarta tana da sati biyu take cika baki a layinsu: "Wannan 'yar ba ta san kuka ba. Haƙurina ta ɗauko." Kaka kuwa, wadda ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta yi wuni tana mita. Jaririya sai barci, ta daina kama nono, jikinta ya yi sanyi, Kaka tana ta yabo. Surukarta, uwar yarinyar, ita ta kafe sai an tafi asibiti.

Malamar jinya ta ɗaga 'yar rigar, ta ƙirga numfashi da agogon hannunta, ta duba cibiyar da ta yi ja tana ruwa.

"Mama, ba haƙuri ba ne," ta ce. "Ƙwayar cuta ce ta shiga jininta. Ƙarfin kukan ne babu."

Kwana uku ana soka mata allura, ko motsi ba ta yi. Kaka takan juya ta fuskanci bango, kunya da tsoro suna cin ta.

Da safiyar kwana na huɗu allura tana shiga, yarinya ta dunƙule hannu, ta wage baki, ta tsala ihun da ya sa mai shara ta saki tsintsiya.

Kaka ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta rungume malamar, ta rungume mai sharar, ta bi gadaje da takalmi wari ɗaya tana tambayar matan ɗakin, "Kun ji ko? Tawa ce. Muryata ce sak."

"Saura kwana uku, Mama," malamar ta ce tana gyara hularta. "Ba inda za ku."

"Ku mai da shi wata ma."

Jaririya ta cafki nono kamar mai jin haushinsa, ta sha ta ƙoshi, barci ya kwashe ta. Ɗaki ya yi tsit. Dariyar Kaka ta ɗauke. Ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta zura hannu ƙarƙashin zani ta ɗan mintsini yatsan ƙafar.

Ihu ya tashi.

"Mama, na gan ki fa," in ji surukar.

Kaka ta share ido da gefen mayafi. "Bar ni in ƙara ji, 'yar nan."