Ranar da Ciyaman Ya Taka Keke

A kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu mutum goma sha biyu suka taru a bakin tashar Kaura Namoda da sababbin kekuna, suka ce za su zagaya ƙauyuka kwana uku don su wayar da kan manoma. Ni Muhtari mai faci suka ɗauka in bi su da famfo da kayan gyara, shi ya sa na ga komai da idona.

Shugabansu Zaharaddeen ne, amma ba ya waiwayowa sai an ce Ciyaman. Ɗan Kaura ne, ya daɗe yana aikin ofis a Sakkwato. Da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiha sai ya dawo da tumbi da tabarau, da imanin cewa duk wanda bai zauna a birni ba a duhu yake. Sauran abokan tafiyar malaman makaranta ne da 'yan kasuwa biyu, mutanen kirki dai, sai dai ba wanda ke iya yi masa musu.

Muna fita daga gari, gidajen ƙarshe na ɓacewa, Ciyaman ya matse birki. Akwai akori-kura da ke bin mu a baya, wani direba Shamsu ke jan ta, ɗauke da katifar Ciyaman da kulolin abincinsa. Aka ɗora kekensa a baya, shi kuma ya shige gaba ya miƙe ƙafa. Ya ce shugaba yana buƙatar natsuwa don ya tsara jawabi. Idan mun kusa wani gari sai ya sauka, ya yayyafa ruwa a gaban rigarsa, ya hau keke ya shige gabanmu yana haki.

Haka muka shiga Birnin Tsaba. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya shaida wa manoman da suka baro girbin gero cewa lalaci ne ya hana ƙasar nan ci gaba, kuma hawan keke na ƙara lafiya. Mutanen nan kusan kowa da tsohon kekensa jingine a bango, wanda yake kai buhu kasuwa da shi kowane mako.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, mu dai hatsi muka ɗauka bisa namu. Ku mi kunka ɗauko?"

"Saƙo muka ɗauko, baba."

"Lalle saƙon ga da nauyi shi ke, tunda sai da mota."

Aka yi dariya. Ciyaman ya ɗauka yabo ne, har ya ɗaga hannu.

Muka kwana Zurmi. Da safe ya ce ba za mu koma titi ba, ta cikin gonaki za mu yanke zuwa Moriki don talakawa su gan mu. Hanyar rairayi ce zalla. Mu muna turawa, gwiwa na ciwo, shi yana cikin mota yana cin dafaffen ƙwai.

Wajen hantsi muka ga wani mutum ya fito daga gonar gyaɗa a guje, yana ɗaga hannu biyu. Sunansa Sanda. Matarsa Kulsumu na tsintar gyaɗa kububuwa ta sare ta a ƙafa. Tana kwance a gindin marke, ƙafar ta fara kumbura, bakinta ya bushe.

Sanda ya dafa ƙofar motar. "Ranka shi daɗe, ku taimaka don Allah ku kai muna ita asibitin Moriki. Jakina ba shi kai ta da rai."

Ciyaman ya gyara tabarau. Ya ce abin da ban tausayi ƙwarai, amma yanzu Shari'a ake yi, ba a cakuɗa mace da maza a mota ɗaya, kuma shi a matsayinsa idon jama'a na kansa.

Wani malamin Islamiyya a cikinmu, Malam Abbati, ya jingine kekensa. Ya ce, "Ciyaman, ka ji tsoron Allah. Wace Shari'a ta ce a bar rai ya salwanta? Ga mijinta nan tare da ita. Idan maza ne damuwarka, namiji ɗaya ne ya yi yawa a motar nan, kai ne."

Shamsu bai jira amsa ba. Ya zagaya ya sauke keken Ciyaman a kan rairayi, ya buɗe masa ƙofa. Ni da Sanda muka ɗauko Kulsumu muka kwantar da ita a kan katifar nan mai laushi. Ciyaman na cewa a shimfiɗa leda tukuna, motar ta riga ta tashi.

Ranar Ciyaman ya taka keke. Bai yi nisa ba cinyarsa ta ɗaure. Ya ce sarƙa ce ta yi tauri, na duba, ba abin da ya same ta. Ya ce iskar taya ce, na taɓa, tam take. Can gaba tayar ta nutse a rairayi, ya kife cikin ƙarangiya, muka tsaya muna cire masa ita ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan mahaifiyarsa. Daga nan ya zauna ƙasa ya ce ko za a yanka shi ba zai ƙara hawa ba.

Wani mai amalanken shanu da zai kai harawa Moriki ya tausaya masa. A kan amalanken Ciyaman ya shiga gari bayan la'asar, kwance rub da ciki, kekensa ɗaure a gefe, matan da ke dawowa daga rijiya suna tambayar ko shi ne macijin ya sara.

A asibiti muka tarar an yi wa Kulsumu allura, tana iya magana. Sanda ya riƙe hannun Shamsu yana hawaye.

Washegari Ciyaman ya ce an kira shi taron gaggawa a Gusau, ya shiga motar haya. Ni da sauran sha ɗayan muka ƙarasa Shinkafi ranar kasuwa, ba jawabi, ba taro. Muka sha fura, muka huta.

Bayan mako biyu na ji shi a bakin masallacin Juma'a, mutane sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya sadaukar da motarsa don ceton wata baiwar Allah, ya taka keke tun daga Zurmi har Moriki. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga Muhtari nan, ku tambaye shi."

Na ce ina da faci a wuta, na wuce.