Lambar Kyaftin

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, magana ta ƙaurace wa bakinsa. Hankalinsa garau yake, kunnensa ras, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito, shi kansa ya kawar da kai don kunya. Mutumin da unguwa ke kira Mai Eriya, wanda ya yi rabin rayuwarsa a ɗan ɗakin ƙarshen baranda yana hira da mutanen wasu ƙasashe ta rediyonsa mai gajeren zango, ga shi a keken guragu yana kallon makirufo kamar abincin da likita ya hana shi.

'Yarsa Auta ce ta kasa jure gani. Aikinta tsara allunan lantarki ne a wani kamfanin lif, na'urar hawa bene, don haka wata Asabar ta shigo da ɗan cip baƙi, irin ƙwaƙwalwar da ake sa wa na'ura, bai kai farcen babban yatsa ba.

"Baba, wannan cikinsa fanko ne," ta ce. "Yadda na shirya masa hanyoyi, haka zai zama. Zan mai da shi bakinka. Ka danna harafi da hagu, shi ya juya shi sauti, rediyo ta aika. Abin da aka amsa kuma ya fito maka a rubuce."

Yayanta da ke tsaye bakin ƙofa ya yi dariya. "Ke dai kin gaji tsiyar gidan nan. Ga waya a aljihun kowa."

Baba ya harare shi har sai da ya ja takalmansa.

Aikin ya ci ta. In ta gyara lissafin tace ƙara, sai agogon cip ɗin ya zame, haruffa su fito a hargitse kamar kaji sun bi ta kansu. Ta ƙone yatsa da dalma, ta goge tsarin gaba ɗaya ta sake. Baba na gefe, in ya ji sautin ya karkace sai ya buga hannun keke, kuma kusan kullum da gaskiyarsa. Ranar da kalma ta fito daidai, ya kama gefen mayafinta ya daɗe bai saki ba.

Da farko sun hau tsohon salon nan da ake rubuta hira yadda aka ga dama. Baba ya rubuta kiransa da yatsa ɗaya, a hankali, harshe a waje. Suka jira. Babu komai sai shuu. Washegari haka, jibi haka. Ya yi ta murɗa maɓalli yana bin wuraren da ya saba samun jama'a, duk wayam.

"Masu rediyon sun koma sabon salo ne," in ji Auta. Ta sake zama, ta rushe cikin cip ɗin ta gina masa wani.

Wannan karon allo ya cika maƙil da lambobin kira, suna sauka kamar ruwan sama. Fuskar Baba ta washe. Ya zaɓi ɗaya ya kira. Amsa ta zo nan take: lambarsa, adadin ƙarfin siginarsa, sai sallama. Ya fara rubuta gaisuwa, yana tambayar mutumin iyali da aiki, sai na'urar ta datse. Ya dubi Auta.

"Haruffa kaɗan yake ɗauka, Baba. Haka suka tsara shi, don ya ratsa ƙara ko da sigina ta yi rauni. Ba ni na rage ba."

Ya gwada wani, ya gwada wani. Lamba, adadi, sallama. Babu wanda ya tambaye shi sunansa.

Wani hantsi, Auta na shirin fita aiki, ta ji Baba yana dukan tebur. Ta shiga a guje. Ya ɗora yatsa a kan wata lamba a allo. Ta gane ta, don da ita ta tashi a kunne: ta Kyaftin ce, tsohon ma'aikacin rediyon jirgin ruwa da ke can ƙetare, aminin da Baba bai taɓa gani ido da ido ba, wanda ya san sunayen 'ya'yan gidan duka har da na magensu. Baba ya kira. Amsa ta zo kafin ya ɗauke yatsa. Adadi, sallama. Ya sake kira. Adadi, sallama. Da ya kira na uku ko kula shi ba a yi ba, lambar ta wuce ta shiga kiran wani.

A ofis Auta ta bi diddigi har ta samu ɗan Kyaftin a waya. Mutumin kirki ne, ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce mahaifinsa ya daɗe a kwance, ba ya gane ko su da ke gidan. Ƙarar fankar rediyon ce kawai ke kwantar masa da hankali, shi ya sa suka bar ta a kunne, kwamfuta na amsa wa duk wanda ya kira.

Ta dawo da yamma tana ta juya yadda za ta faɗa. Ba ta buƙata ba. A allo Baba ya riga ya rubuta: BA SHI BA NE.

Ta durƙusa gaban keken. "Zan haɗa wata na'urar irin taka, Baba. In ajiye a ofis, in na samu sarari mu riƙa hira. Ko in nemo wasu ƙungiyoyi, dole akwai sauran masu rubutu."

Ya ja allon harafin kusa, ya daɗe yana lalube. KE AI INA GANINKI.

Ta juya ta dubi allo. Cip ɗin yana aikinsa ba kuskure ko ɗaya, lambobi na ta zuba, babu abin da za ta gyara. Baba ya miƙa hannun hagu ya zare wayar wuta da kansa, ya tura keken baya har ya fuskanci bango.

Da matar Yaya ta kawo abinci, Auta ta karɓa ta zauna kusa da shi. Ta ɗebo cokali ta kai bakinsa. Ya rufe leɓe. Ta riƙe cokalin a nan har hannunta ya gaji, abincin ya huce.