Aguwar Malam Ɗan Azumi

Malam Ɗan Azumi ya rasu ranar Talata da hantsi, a gidansa da ke unguwar Birni, cikin Damagaram, bai ɗora yatsa a kan takardar ba. Tana aljihun maƙwabcinsa Ado lokacin da aka fito da makara. Kwananta tara a nan, har gumi ya ci gefenta.

Ado tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ne kuma sakataren Mu Zauna Tare, wata ƙaramar ƙungiya da ke shiga tsakanin manoma da makiyaya a ƙauyukan Droum. Ba su da biro, wato ofis. Suna da mutum arba'in masu kati, da tabarmi biyu, da zauren Ɗan Azumi inda suke taro ranar Lahadi. Kowa yakan kawo abin da ya samu, wani man babur, wani tiyar gero don baƙi. Ɗan Azumi, da ciwon ido ya raba shi da ɗinkin hula, gona ya kawo.

Ba duka gonar ba. Faɗin taku goma sha biyu daga gefen gabas, inda tsohon burtali ya bi zuwa rijiya kafin mahaifinsa ya nome shi. A nan ne, shekara uku da suka wuce, shanu suka kutsa cikin gero, aka fito da sanduna da adduna, aka kwashi mutum biyu zuwa asibiti, ɗaya bai dawo ba. Jandarma suka zo, suka tafi. Bana da rani Ɗan Azumi ya tsaya gaban mai gari da Arɗon Fulani ya ce ya bar wa shanu hanya. Ya auna da ƙafarsa, ya saro aguwa ya dasa a jere bisa sabuwar iyaka, yadda aka saba yi.

"Saura takarda, Malam," in ji Ado a hanyar dawowa. "Ka ɗora yatsa, mu kai hukumar filaye su buga hatimi."

"Kai dai ɗan lakwal! Na faɗa da bakina gaban mutane, na dasa aguwa. Takardar taka tana tsiro ne?"

"Ba ta tsiro, amma ba a tuge ta."

"Wa zai tuge? Bari zafi ya ragu."

Zafi bai ragu ba, ciwo ya kwantar da shi. Ado ya rubuta takardar, ya aro tawadar dangwale. Kullum bayan la'asar yakan shiga, ya tarar da shi kwance a inuwar itacen bedi, matarsa Delu tana yi masa fifita. Kullum yakan fito, takardar tana aljihu bai fiddo ta ba. Wanda ya miƙa wa majiyyaci irin wannan takarda ya gaya masa ke nan an cire rai da shi, kuma Ado ya kasa faɗin haka ga mutumin da suka yi shekara talatin katanga ɗaya.

"An yi taro jiya?" Ɗan Azumi ya tambaye shi ran Litinin.

"Mutum shida suka zo."

"Shida ma mutane ne. Me kake ta shafawa a aljihu?"

"Goro ne."

"Sam mini."

"Likita ya hana ka."

Ɗan Azumi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya fuska wajen katanga. Washegari ya cika.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Ado ya zauna a zauren da Usman, babban ɗan mamacin, direban babbar mota a hanyar Agadez. Usman ya karanta takardar sau biyu, ya mayar da ita da hannu biyu.

"Baba Ado, ban ce ƙarya ba ce. Amma ni bai taɓa gaya mini ba."

"Ya faɗa gaban mai gari da Arɗo."

"Mai gari ba shi zai ciyar da Inna da ƙannena huɗu ba. Gefen nan shi ne inda gero ya fi yi, saboda tsohon kashin shanu. Yanzu kuma gado ne, ba nawa ni kaɗai ba."

"In aka shuka shi, ta ina shanu za su je rijiya?"

"Ta inda suka bi bara."

"Bara da sanda aka tsare su."

Usman ya shafa fuska. Idonsa ja ne, kwana biyu ya yi a hanya bai riski jana'iza ba.

"Ka bar ni sai bayan sadakar arba'in, Baba. Zan tara su mu yi magana."

Su biyun sun san ruwan shuka ba zai jira arba'in ba. 

Ado zai fita, Delu ta kira shi daga bayan labule. Ta miƙo masa hular mamacin, wadda katin ƙungiya yake a maƙale cikin naɗinta, ya yi laushi kamar tsumma.

"Ya ce a ba ka wannan, Malam Ado. Ya ce katin na ƙungiya ne."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ya kuma san ba goro ba ne. Bayan fitarka ya ce da ni, 'Da ya fiddo da na ɗora masa. Ni kuma in na ce ya fiddo, sai ya ɗauka na karaya.'"

Ado ya tsaya riƙe da hular. Ya sake cewa Allah ya jiƙansa.

Ranar Lahadi mutum huɗu suka zo taro, a ƙofar gidan Ado, don zauren yana cikin zaman makoki. Arɗo ya aiko a tambaya ko maganar burtali tana nan, saboda shanu za su taso daga kudu da ruwan farko. Aka ce Ado ya je ya gano.

Ya hau kabu-kabu zuwa Droum da safe. An share gonar tas, har gefen gabas, an tara kara an ƙone. Bai san wanda ya sa a share ba. Aguwar tana nan a jere, ba a tuge ko ɗaya ba. Kusan rabi sun bushe. Sauran sun fara fid da ƙananan ganye, kuma can gabas hadari yana haɗuwa.